Taurarin da Biba Ta Hana Rabuwa

A gefen garin Gure ta kudu, inda gidaje suke ƙarewa jigawa ta fara, akwai wani gida mai mutum huɗu. Akwai Malam Ibram, tsoho masanin hisabi da tafiyar taurari, da matarsa Ya Kaka, da ɗansu Ma'azu, da 'yar Ma'azu, Biba, mai shekara tara. Uwar Biba ta rasu tun yarinyar ba ta iya ɗaura zane ba. Dukiyarsu ba ta da yawa: takarkari guda, wato sa mai ɗaukar kaya, akuya guda mai ba da nono, sai 'yar garka a cikin kwari mai dabino bakwai. Abin da suka rasa a shekarar nan kuwa shi ne hatsi. Damina ta ɗauke da wuri, gero ya bushe yana cikin fitar da kai, damman da suka ɗaure duka da ƙyar suka rufe ƙasan rumbu. Ya Kaka ta leƙa ta auna da ido, ta ce in aka tsaya a kan kunu da safe da ɗan tuwo da yamma, zai kai su babbar salla, daga nan kuma sai yadda Allah ya yi.

Akwai wani rashin da ba a faɗarsa a waje. Idon Malam Ibram ya tafi. Yanar ido ce ta rufe shi a hankali, har ya zama da rana mutum kamar inuwa yake ganinsa, sai ya yi magana ya gane shi. Mutanen unguwa sun san idonsa ya yi rauni, amma ba su san ya kai haka ba, ko ɗansa Ma'azu bai sani ba. Har yanzu in za a yi tafiya ko za a haƙa rijiya wurinsa ake zuwa ya zaɓi rana, kuma kowace magariba bayan salla ana ganinsa yana hawa jigawa, jikarsa a gaba ɗauke da buzunsa. Ana tsammanin ɗaukar buzu kaɗai take yi masa. Gaskiyar ita ce Biba ke duban sama, shi kuma yana lissafi.

Ya koya mata aikin a tsanake. Ya ce mata taurari iri biyu ne: akwai masu zama wuri ɗaya kamar gidajen gari, akwai kuma 'yan kaɗan masu yawo a tsakaninsu kamar fatake, kuma masu yawon nan su ne abin lura. In tana son ta san nisan da ke tsakanin biyu, sai ta miƙe hannu ɗaya sosai, ta rufe ido ɗaya, ta jera yatsu a tsakaninsu ta ƙirga. Shi kuma yakan zauna a bayanta ya riƙe mata gwiwar hannu don kada ta lanƙwashe awo ya ɓaci. Tana yi masa wasan jika, ta ce tsohon da bai ga hancinsa ba shi ne zai gaya wa mutane abin da ke sama. Shi kuma ya ce ta yi a hankali, don in ya sake ta babu mai ɗaukar uwargida mai hannu kamar karan dawa.

Dabarar da ta rage wa gidan ita ce kanwa. Wata biyu Ma'azu ya yi yana haƙar ta a cikin kwari, har tafin hannunsa ya tsattsage, ya tara abin da takarkarinsu zai iya ɗauka. Madugu Mainasara yana haɗa ayari na mutum ashirin zuwa Nguru, can cikin ƙasar Ingilishi inda jirgin ƙasa yake tsayawa, tafiyar kwana shida. A can ana neman kanwa, gero kuma bai yi wuya ba. In Ma'azu ya tafi da kanwa ya komo da gero, gidan zai kai damina.

Bayan ƙaramar salla da kwana biyu, cikin sanyi, Biba ta gaya wa kakanta cewa jan tauraron nan na yamma ya matso kusa da farin nan maras ƙyalli. Jan yana ƙasa, farin yana sama, taƙi guda ne tsakaninsu. Malam Ibram bai yi mata wasa ba ranar. Ya sa ta sake aunawa, sannan ya gaya mata sunayensu. Jan shi ne Mirrihu, mai sauri, mai zafi. Farin shi ne Zuhalu, mai nauyin tafiya, mai sanyi. Dukansu biyu na nahisa ne, wato na rashin sa'a. Kowanne shi kaɗai ana iya zama da shi, amma in suka gamu wuri ɗaya ba a fara tafiya, ba a fara komai, sai sun rabu.

Biba ta san wannan magana, ko da yake wancan karon ba ita ta duba ba. Shekara biyu da suka wuce taurarin nan sun gamu, Malam ya hana, amma Garbai ƙanen ubanta ya yi dariya ya bi ayarin Nguru. Tana iya tuna ranar da ayarin ya komo. Maza uku suka zo suka tsuguna a ƙofar gida, suka ajiye sandar Garbai da salkarsa ta ruwa a ƙasa, suka ce zazzaɓi ya kama shi a wata rijiya, a can suka binne shi. Tun ranar nan, in aka ce hanyar Nguru sai ta tuna da sandar nan.

Daga nan kullum suna hawa jigawa. Duk bayan kwana uku yatsa ɗaya yake raguwa. Jan yana hawowa a hankali, bai fasa ba ko rana ɗaya, farin kuma yana nan kamar mai jira. Da ya rage yatsa uku, Madugu Mainasara ya zo neman rana. Mutum ne mai jiki, mai son raha, ya zauna a bakin zaure ya ce shi dai bai taɓa ganin tauraro ya sauko ya kwance wa wani kaya ba, amma tun da matan mutanensa ba za su bar su su fita ba sai Malam ya yi magana, to ga shi ya zo. Malam Ibram ya yi lissafi a kan yatsunsa, ya ce gamuwar ranar Asabar ce. Daga nan jan zai wuce ya yi sama. In ran Laraba da magariba yatsa biyu suka shiga tsakaninsu, ayari ya tashi Alhamis da safe.

"Yatsun wa, Malam, nawa ko naka?" in ji Madugu, yana duban nasa masu kauri. "In nawa ne sai mu kai damina muna jira."

Aka yi dariya, aka tsayar da Alhamis.

Ranar Asabar iska ta kwanta tun la'asar. Da jan yamma ya fara dushewa, Biba ta ga siririn sabon wata can ƙasa kusa da kan goruba, a samansa kuma taurarin biyu sun zo daf da juna, har in ta kanne ido sai su zama kamar ɗaya mai launi biyu. Ko rabin yatsa bai shiga ba. Ta gaya wa kakanta. Ya yi addu'a a hankali, ya ce su sauka, kada su daɗe a ƙarƙashinsu. A gida Ya Kaka ta kife turmi, ta hana kowa fita ko ƙofar gida, aka ci tuwo aka kwanta.

Lahadi jan ya ɗan leƙa sama da farin. Litinin ya ƙara. Biba tana faɗin gaskiya, kakanta yana gyaɗa kai. A cikin gida kuma shiri ya kankama. Ma'azu ya ɗinke mangala, ya gyara akumarin da ake shimfiɗa wa takarkari a baya, ya shafa wa salka mai. Ya Kaka ta ɗebo gero daga ɗan abin da ya rage ta daka masa guzuri. Duk abin da Biba ta duba a tsakar gida sai ta ga irin abin da aka shirya wa Garbai ne.

Ran Laraba da magariba ta miƙe hannu, ta rufe ido ɗaya. Yatsa biyu suka shiga tsakanin taurarin, suka zauna daidai, har da ɗan sarari. Daga inda suke tana jin ubanta a ƙasa yana yi wa takarkari magana yana zuba masa harawa. Kakanta ya tambaye ta nawa.

Ta ce, "Kaka, ba su rabu ba."

"Duba dai da kyau, uwargida. Jiya kin ce ɗaya da rabi."

"Ya komo. Suna manne kamar ran Asabar."

Ba ta shirya wannan magana ba, fitowa kawai ta yi. A ranta ta ce kwana ɗaya ne, ayari ya tafi, Baba ya zauna, shi ke nan. Tsohon ya saki gwiwar hannunta. Ya ce ya san Mirrihu yakan tsaya wani lokaci, har ya koma da baya, ya gani da idonsa sau da yawa. Amma bai taɓa ganin ya yi haka a yamma kusa da faɗuwar rana ba, balle a kan Zuhalu, kuma lissafinsa bai nuna ba. Ya ce shi tsoho ne, lissafi yakan kuɓuce wa tsoho, idonta kuwa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Suka sauka, ya aika a gaya wa Madugu kada a tashi.

Kafin hantsi labari ya gama unguwa, an ce jan tauraro ya tsaya a kan na nahisa ya ƙi wucewa. Mata suka fasa zuwa kwari ban ruwa. Wata tsohuwa ta ce haka aka yi kafin shekarar fara, wani ya ce a'a, kafin shekarar da shanu suka mutu ne. Da magariba mutane suka fito ƙofar gidajensu suna ɗaga kai, amma ba wanda ya san waɗanne ake nufi a cikin taurarin nan masu yawa. Kowa ya sami biyu da suke kusa da juna ya nuna, ya ce ga su nan, aka yi ta salati. Biba tana jin su. Ta so ta ce ba su ba ne, amma ta ja bakinta.

Madugu ya jira Alhamis, ya jira Juma'a, ya jira Asabar. Kowace magariba Biba tana ganin jan yana ƙara yin sama, kowace magariba tana cewa suna nan manne, don ta rasa ta inda za ta warware. Asabar ɗin bayan la'asar Madugu ya zo, wannan karon ba raha. Ya ce takarkarai suna cinye harawar hanya a tsaye, sanyi yana wucewa, in zafi ya shigo rijiyoyin hanya za su ja baya. Shi zai tashi gobe, wanda zai bi ya bi. Ya dubi Ma'azu ya ce wurinsa yana nan a cikin ayari.

Ma'azu ya dubi ubansa. Malam Ibram ya ce, "Na ba hanyar nan ɗa guda a ƙarƙashin taurarin nan. Ba zan ba ta na biyu ba da bakina."

Ma'azu ya sunkuyar da kai ya ce to. Lahadi da sassafe ayari ya wuce ta bayan gidansu, mutum goma sha tara, Ma'azu yana tsaye a bakin danga yana kallo har na ƙarshe ya shige bayan jigawa. Biba ta ji daɗi na ɗan lokaci. Ta kawo masa kunu, ya karɓa bai dube ta ba, ya ajiye bai sha ba.

Ran Litinin Malam ya ce abin ya wuce addu'ar baki, sai an zubar da jini an yi sadaka, ko Allah ya kau da abin da ke tafe. Ba su da abin yankawa sai akuyar nan. Ya Kaka ta tashi ta shiga ɗaki. Biba ce take tatsar akuyar kowace safiya, nononta ne ake ɗan zubawa a kunu ya yi auki. Tana tsaye aka kayar da akuyar. Aka raba naman gida bakwai, aka bar musu kai da ƙafafu. Da aka dafa Biba ta ƙi ci, ta ce cikinta yana ciwo. Washegari kunu ya zo tsararo, Ya Kaka ta ba kowa ludayi uku, ita ta sha biyu, ta ce ba ta jin yunwa.

Ran Laraba, mako guda cif da ƙaryar farko, suka hau jigawa kamar kullum. Tsohon ya rame a kwanakin nan, ba ya barci. Da ta miƙe hannu ya kai nasa zai riƙe gwiwar, sai ya zame ya sauka a wuyan hannunta, yatsunsa suka hau bayan nata. Ita kuwa hannunta ya saba da aikinsa. Kafin ta yi tunani ya riga ya jera yatsu huɗu tsakanin taurarin, don huɗun ne suka shiga. Ya tambaye ta nawa, ta ce suna manne.

Bai saki hannun ba. Ya shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jan carbi.

"Biba," ya ce, bai kira ta uwargida ba. "Bakinki ya ce suna manne, hannunki ya ce huɗu. Wanne zan ɗauka?"

Ta yi ƙoƙarin naɗe yatsun, ya riƙe su, ba da ƙarfi ba. Sai kuka ya zo mata. Ya bar ta ta yi har ta gaji, sannan ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun Larabar da ta wuce, ranar yatsa biyu suka shiga. Ya tambaye ta don me. Ta ce ba ta son a kawo sandar Baba a ajiye a ƙofar gida.

Malam Ibram ya yi ajiyar zuciya. Bai doke ta ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce ta yi laifi, kuma ta san ta yi, ba sai ya ƙara mata ba. Amma laifinsa ya fi nata, shi da ya ɗora tafiyar mutum ashirin a kan idon 'yar shekara tara don kada a ce ya makance. Ya ce ta ɗauko buzu su sauka, akwai maganar da ya kamata ya yi tun bara.

A tsakar gida ya kira Ma'azu da Ya Kaka, ya faɗi komai bi da bi: cewa idonsa ba ya ganin tauraro ko ɗaya, cewa yarinyar ce take duba masa, cewa taurarin sun rabu a ranar da ya lissafa, babu wanda ya tsaya. Ma'azu ya saurara har ƙarshe. Ya dubi inda ake ɗaure akuya, ya dubi 'yarsa. Ya tashi ya ɗauko akumari ya fara duba igiyoyinsa.

Ya Kaka ta ce ya jira wani ayarin. Ya ce babu wani sai bayan babbar salla, kuma ita ta fi kowa sanin abin da ke cikin rumbu. Ta ce to ya nemi abokin tafiya. Ya fita ya zaga gida uku, ya komo ya ce duk mai takarkari ya riga ya tafi da Madugu. Ayari ya ba shi kwana huɗu, ba zai cim masa a hanya ba. In ya yi sauri, wataƙila ya same su a Nguru kafin su juyo, ya komo tare da su. Zuwan dai shi kaɗai ne.

Alhamis da safe, rana ba ta fito ba, Yakubu maƙwabcinsu ya zo taya shi labta kaya. Biba ta tsaya tana kallo, a ranar ne ta fara lura da yadda ake yi. Mutum biyu ne suke ɗaga mangala tare, ɗaya a kowane gefe, su sauke ta lokaci ɗaya, in ba haka ba nauyin kanwa ya rinjaya gefe guda ya kayar da sa. Ta matsa kusa da kakanta ta tambaye shi a hankali wa zai kama wa Baba ɗaya gefen a hanya. Tsohon ya gaya mata gaskiya, ya ce sai wanda Allah ya kawo. In ya sauka a rijiya zai jira mai wucewa, in bai samu ba sai takarkarin ya kwana da kayansa a baya. Ya ce a ayari wani yana jan guga wani yana riƙe da dabbobi, wani yana barci wani yana tsaron ɓarayin shanu, in zazzaɓi ya kama mutum akwai mai ba shi ruwa. Bai ƙara a kan haka ba.

Yakubu ya ɗaure igiya ta ƙarshe, ya tambayi Malam ko ranar tana da kyau. Malam ya ce a lissafinsa babu abin da ya tare hanya, sama a buɗe take tun mako guda. Ma'azu ya durƙusa gaban iyayensa suka yi masa addu'a. Biba 'yar farinsa ce, bai taɓa kiran sunanta ba, ranar ma bai kira ba. Ya ɗora hannunsa mai kaushi a kanta, ya ce ta riƙa ɗebo wa Ya Kaka ruwa, ta kuma riƙa kama hannun Malam in zai je masallaci. Ya rataya salka, ya ɗauki sanda, ya ja takarkari.

Ta bi shi har kan jigawa ta tsaya. Iskar kwana huɗu ta share sawun ayari, rairayi ya kwanta sumul kamar ba wanda ya taɓa bi ta nan. Daga sama tana ganin mutum ɗaya da sa ɗaya suna gangarawa kudu, suna ƙanƙancewa, kayan suna ɗan karkata hagu ba mai gyarawa. A nan Biba ta gane cewa taurarin nan sun gamu sun rabu a kan lokacinsu ba su taɓa ubanta ba, kuma da ta faɗi abin da ta gani, da yanzu yana tafiya cikin mutum ashirin. Ita ce ta sa ya tafi shi kaɗai.